Tsakanin Haƙuri da Hauka

Sau uku aka yi wa Auta maganin taifot a daminar 2022, kuma a karo na biyu yayarsa ce da hannunta ta rubuta sunan allurar a takarda, ta ba direban motar Gwaram ya kai gida. Ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kudu, shekararta 11 a bakin aiki. A ƙauyensu da ke ƙasar Gwaram ita ce asibiti. Duk wanda kansa ya sara, ko jaririnta ya ƙi kama nono, lambarta ake kira kafin a nemi kowa, kuma Yaya kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Saboda haka da Inna ta kira ta ce Auta ba ya cin abinci, kansa na ciwo, ƙirjinsa na zafi, jikinsa duk ya mutu, sai Yaya ta yi abin da aiki ya koya mata. Ta tambayi zazzaɓi, ta tambayi amai da launin fitsari, ta ce a je a yi gwaji.

Gwajin ya nuna taifot, kamar yadda ya saba nunawa. Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibiti ya san halin gwajin Widal: a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, yakan ce akwai ko da mutum lafiyarsa lau. Amma takardar gwaji tana da kwarjini. Tana ba iyali sunan ciwon da za su faɗa wa 'yan dubiya, tana ba ma'aikacin lafiya abin da zai rubuta, kowa ya tashi da sauƙin rai in ban da shi mara lafiyar.

Shekarar Auta 20 a lokacin. Ya gama sakandare da sakamakon da bai kai shi ko'ina ba, ya yi noma damina biyu, sannan ya bi sahun tsararrakinsa zuwa Legas. Hanya ce da samarin Jigawa suka daɗe da sani. A watan Agustan 2019 ma an tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 daga jihar tare da babura 48, labarin ya cika jaridu. Babur ɗin Auta da kuɗin bijimin Inna aka saya, aka cika da rancen wani kawunsu. Wata biyar ya yi yana turo kuɗi gida ba fashi. A ranar 1 ga Yunin 2022 haramcin acaɓa ya fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, masu babura suka riƙa matsawa bayan gari, inda fasinja ya yi kaɗan, haɗari ya yi yawa. A can wasu suka tare shi da dare suka karɓe babur ɗin. Ya dawo gida a bayan motar da ta sauke shanu, da kayansa cikin leda ɗaya.

Ba wanda ya yi masa faɗa. Kowa ya ce ƙaddara ce, ya yi haƙuri, tun da an tsira da rai ai magana ta ƙare. Inna ba ta taɓa ambatar bijimin ba, ko da wasa. Sai dai turken na nan a tsakar gida, kuma ta gefensa yake wucewa duk asuba in zai yi alwala.

Da farko ya daina zuwa teburin mai shayi, inda majalisarsu take. Sai ya daina zuwa gidan kallon ƙwallo, shi da a da ko bashi zai ci ya je. A masallaci shi ne na ƙarshen shiga, na farkon fita. Yakan farka tun ƙarfe uku na dare, idonsa biyu har kiran salla, da rana kuma ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. In an tura shi gona sai ya yi kunya biyu ya zauna. A daminar da ambaliya ta cinye gonaki a sassa da dama na Jigawa, kowane gida na da abin da ya dame shi, yaron da ya yi shiru bai zama abin gaggawa ba.

Kowa a gidan ya ba abin suna. Baba ya ce zuciya ce ta mutu, Legas ta koya masa raina fartanya. Inna ta ce ba haka ta haifi ɗanta ba, an dai yi masa wani abu a can, ko kuma ya taka sawun iska. Ta karɓo rubutu da hayaƙi. Kawun da ke bin sa bashi ya ce ƙwaya ce, kuma ya san wani gidan mari da ake gyara irinsu. Zargin Kawu ba daga sama ya faɗo ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Mutumin da ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa 'ya'yan maƙwabta ba za a ce ya yi hauka ba don ya zargi saurayin da ke kwana da rana. Kuskurensa shi ne maganin da ya kawo. A 2019 ɗin ne aka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma iyayensu ne suka kai su da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya. Auta kuwa ko sigari bai taɓa sha ba.

Abin lura a duk waɗannan sunaye shi ne babu wanda ya ce yaron na cikin ciwon damuwa, alhali Hausa ba ta rasa kalmomin ba. Tana da baƙin ciki da ɓacin rai, tana da ƙunci da zullumi da fargaba da kaɗaici, tana cewa zuciya ta karaya, tana cewa tunani ya yi wa mutum yawa. Harshen da ya iya raba zullumi da fargaba ba jahilin zuciya ba ne. Inda giɓin yake shi ne a wajen abin da ake yi da kalmomin. Duk abin da ke cikin wancan jerin, maganinsa a wurinmu ɗaya ne, haƙuri. Abin da ake ɗauka a kai asibiti kuwa shi ne hauka, wato mutum ya tuɓe, ko ya yi duka, ko ya shiga bola. Tsakanin mai haƙuri da mahaukaci akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa mafi yawan matasan da ke shan wahala suke zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu za su taɓa tuɓewa a kasuwa. Saurayin da ya san cewa in ya ce zuciyarsa ce ke ciwo za a ce ya yi haƙuri, in ya matsa a ce ya taɓu, ba shi da mafita sai ya ce kansa ke ciwo. Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin ciwon damuwa da gaske yakan sauka a jiki: ciwon kai, nauyin ƙirji, kasala, rashin barci, rashin jin ɗanɗanon abinci.

Yaya ta san duk wannan a takarda. Ta yi makonninta a asibitin masu taɓin hankali lokacin tana ɗaliba, ta ga waɗanda aka kawo a ɗaure, ta ci jarrabawa. Amma abin da ta gani a can shi ne ƙarshen layi, sai ya zauna mata a rai cewa haka lalurar ƙwaƙwalwa take kama. Ƙaninta da ta goya, mai gaishe ta da ladabi a waya, bai yi kama da su ba.

Wadda ta gano abin ba ta taɓa shiga aji ba. A watan Oktoba Yaya ta je gida suna, kakarsu ta kira ta ɗaki ta sa ta sakaya ƙofa.

"Ke da kike aikin asibiti, kin dubi yaron nan kuwa?"

"Na duba shi, Kaka. Taifot ɗin ne bai gama sakinsa ba."

"Taifot ke sa mutum ya ba da wayarsa kyauta? Shekaranjiya ya zo nan ya durƙusa, wai in yafe masa. Ya je wajen kawunku ma. Yana bin mutane yana neman gafara kamar mai tafiya Makka, alhali ko Sara ba ya zuwa cin kasuwa."

Yaya ta ce a wannan lokacin ta ji ƙafafunta sun yi sanyi. Rabon kaya da sallama da mutane suna cikin alamomin da aka koya mata, ta haddace su ta rubuta, ba ta taɓa zaton za ta ji su a ɗakin kakarta ba.

Bayan sallar isha'i ta same shi a zaure, ta zauna a tabarmarsa, abin da ba ta yi ba tun yana yaro. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ciwon kan, ta tambayi barci. Daga baya ta daure.

"Auta, zan tambaye ka wani abu, kada ka ji nauyina. Kana jin gara a ce ba ka duniyar?"

Ya daɗe bai ce komai ba.

"Yaya, wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ka yi tunanin kashe kanka?"

"Na san haramun ne, Yaya. Shi ne ma ya riƙe ni har yanzu. Amma kullum in na farka da dare sai abin ya dawo. Ina ganin in ba ni, kowa zai huta."

Wa'azi ne ya fara zuwa bakinta, da faɗa, da tuna masa wahalar da Inna ta sha. Ta haɗiye su duka, ba don hikima ba, sai don kuka ya toshe mata maƙogwaro. Wannan shirun ya yi amfani fiye da duk abin da za ta iya faɗa, domin a cikinsa ne ya ci gaba da magana, har kusan sa'a biyu: turken, da bashin, da abokan da suke turo hotuna daga Legas, da yarinyar da ya daina zuwa zance wurinta don kada ta tambaye shi yaushe. Mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, suna tsoron yin wannan tambaya kai tsaye, wai kada a saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Binciken da aka yi a kai bai goyi bayan wannan tsoro ba. Wanda ba ya tunanin ba ya ɗaukar sa daga tambaya, wanda yake yi kuma sau da yawa jira yake wani ya buɗe masa ƙofa.

A daren, kafin ta kwanta, ta kwashe duk magungunan feshin gona da ke gidan ta kai wa maƙwabci ya kulle. Ƙaramin aiki ne, amma yana cikin 'yan abubuwan da aka tabbatar suna ceton rai. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da gubar gona suke yi, akasari a karkara, kuma sau da yawa cikin wani ƙunci da zai iya wucewa bayan sa'o'i. Da ƙasar Siri Lanka ta haramta mafiya haɗarin waɗannan magunguna, yawan masu mutuwa ta wannan hanya ya faɗi ƙwarai, noma kuma bai tsaya ba. A gidan manomi a Gwaram, inda jarkar feshi ke jingine kusa da buhun riɗi, wannan ba labarin nesa ba ne.

Washegari aikin ya koma kan Baba, kuma shi ya fi wuya.

"Baba, Auta ba shi da lafiya. Ina so in tafi da shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa."

"Likitan mahaukata? Ɗana ya taɓa jifan wani? Ke kin san abin da za a ce? Akwai 'yan mata a gidan nan da ba a aurar ba."

Ba son zuciya ya sa ya faɗi haka ba. A ƙauye, in aka ce akwai taɓin hankali a gida, masu binciken aure za su ji, kuma tabon kan bi jikoki. Akwai kuma abin da ya sa Yaya ba ta gaya masa dukan abin da Auta ya faɗa ba. Bayan hukuncin addini, kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Ba kasafai ake gurfanar da kowa ba, amma dokar da ke kiran mai neman ceto mai laifi ta isa ta koya wa iyalai rufe baki, ta kuma sa a rubuta "ya sha guba bisa kuskure" a takardun asibiti.

Limamin unguwa ne ya warware. Yaya ta same shi ta bakin matarsa, shi kuma ya zo zaure bayan la'asar kamar mai wucewa. Bai yi gardama da Baba a kan iska ko sammu ba. Ya tuna masa cewa Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa ce imaninsa ya ragu ba, kuma shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a littattafan tarihi. Ya ce zai ci gaba da yi wa yaron addu'a, amma a kai shi asibiti, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Malamin bai kawo sabon abu ba. Tun ƙarni na 10 Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Masu cewa ciwon damuwa ƙirƙirar Turawa ce ba su karanta nasu ba.

Baba ya yarda, da sharaɗi ɗaya: a ce wa mutanen gari Auta ya tafi Birnin Kudu koyon gyaran waya.

Daga nan ne Yaya ta fara auna nisan da ke tsakanin ɗan Gwaram da taimako. Birnin Kudu ta fi garuruwa da yawa sa'a, tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon jinya da ungozoma. Likitan da ya fara ganin Auta a garin ya ba shi lokaci, ya yi masa tambayoyin da ba a taɓa yi masa ba, ya kira ciwon da sunansa, sannan saboda maganar kashe kai ya tura su ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tafiyar ta haura kilomita 100 daga Birnin Kudu, daga ƙauyensu kuma sai an ƙara wata tafiyar a kai. Asibitin masu taɓin hankali na jihar yana Kazaure, can kusurwar arewa maso yamma, Gwaram kuwa tana ƙarshen kudu a bakin iyakar Bauchi. Ɗan Gwaram da zai je Kazaure yakan ratsa Kano ne ya wuce. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga yinin aiki da ya tafi, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. A faɗin Nijeriya, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, wasu kuma kullum suna haɗa takardun fita waje.

A takarda, bai kamata a ce sai an je Kano ba. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, wato ƙaramin asibitin da ke ƙauye. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da makamantansu, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba, kuma an gwada shi a Nijeriya. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, mai tushe a dokar mulkin mallaka ta 1916. Doka ce mai kyau, ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da mutuncinsa. Sai dai doka ba ta zama a kujerar ƙaramin asibiti ta tambayi saurayi yadda yake barci. Wanda ke zaune a kujerar yana da layin mata masu awo da yara masu zazzaɓi, da minti uku ga kowane mutum, da takardar gwajin da za ta sallame shi da wuri.

An ba Auta magani, likita ya ce Yaya ta riƙe shi a hannunta ta riƙa ba shi kullum. Ya gargaɗe su cewa irin wannan magani ba kamar na zazzaɓi ba ne, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a dainawa da an ji sauƙi, sai an yi watanni. Duk da gargaɗin, a mako na biyu Auta ya ce ba ya jin komai sai bushewar baki, a bar shi. A wata na uku, da ya fara dariya, Inna ta aiko cewa tun da Allah ya kawo sauƙi a daina ba shi ƙwayar nan kada ta zame masa jiki. Sau biyu Yaya ta yi rigimar da ba ta so, ta kuma yi nasara da ƙyar.

Amma in aka tambaye ta abin da ya riƙe shi a watannin farko, ba maganin kaɗai take ambata ba. Don kada maganar da aka gaya wa mutanen gari ta zama ƙarya, mijinta ya kai shi shagon wani abokinsa mai gyaran waya. Ya zama yana da dalilin tashi da safe, da wanda zai tambaya in bai zo ba. Da dare kuma mijin nata, malamin makaranta ne mara yawan magana, yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su zauna. Ba nasiha yake yi masa ba. Yakan tambaye shi abu ɗaya da ya fi damunsa a ranar, su duba ko akwai abin da za a iya yi a kai. A irin wannan zama ne aka raba bashin Kawu gida goma sha biyu, ya tashi daga dutsen da ke danne ƙirji ya koma adadin da ake biya duk wata.

Malamin bai san cewa abin da yake yi yana da suna a wata ƙasa ba. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu fama da abin da harshen Shona ke kira yawan tunani, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Kafin shi da shekaru da yawa, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowanne da ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. Ƙasar Hausa ba ta rasa benci ba: ga majalisa, ga zaure, ga makarantar Islamiyya, ga ɗakin kaka. Sai dai kada a yi saurin yabon kai. Zauren da ke sauraro shi ne kuma ke yaɗa magana, kuma saurayi ba zai buɗe cikinsa ga wanda zai kai labarin teburin mai shayi ba. Abin da ya bambanta kakannin Zimbabuwe da kowace tsohuwa mai kirki shi ne an koya musu riƙe sirri, an koya musu yin tambaya maimakon yanke hukunci, kuma sun san lokacin da abu ya fi ƙarfinsu da wanda za su kira. Horo ne na kwanaki, ba na shekaru ba, kuma malaman sakandare da limamai da ma'aikatan ƙananan asibitocin Gwaram za su iya ɗaukar sa.

Duk wannan ma labarin namiji ne, wanda in ya ɓace daga majalisa wani zai lura. Yarinyar da aka aurar tana da shekara 16 zuwa wani ƙauye, ta haihu, ta daina magana, ba ta da majalisar da za ta ɓace daga cikinta. Za a ce kunya ce, ko jego ne, in ta fara faɗuwa a ce iska. Yaya tana ganin irinsu a ɗakin awo kowane mako, kuma ta yarda cewa shekara 11 ta yi tana auna musu jini tana sallamar su.

Auta ya koma ƙauye bayan wata tara, da akwatin kayan gyara. Yana kafa tebur ranar kasuwar Sara, ya biya Kawu kashi takwas cikin goma sha biyun. Sau ɗaya abin ya so dawowa, lokacin da kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai a 2023 har ya tsallake zuwa Kano sau biyu. Shi da kansa ya kira Yaya ya ce barcin ya fara gudu. Baba har yau gyaran waya yake cewa, Inna kuma ta fi ba rubutun Liman ƙarfi. Yaya ba ta musa musu.

Kwanakin baya wata mata daga ƙauyensu ta zo gidanta da asuba, da 'yarta mai shekara 17, da takardar gwaji a ƙulle a bakin zane. An yi wa yarinyar maganin taifot sau biyu, in ji uwar, amma har yanzu ba ta ci, ba ta barci, kuma ta daina zuwa Islamiyya. Yaya ta karɓi takardar ta ajiye a kan tebur ba ta buɗe ba.

"Goggo, ga shayi can a kicin, ki je ki haɗa. Ki bar mini ita tukuna."